Gidan Baba Saje a Ƙasar Zuru

A ƙasar Zuru, kudancin Jihar Kebbi, da wuya ka shiga ƙauye ka fito ba a nuna maka gidan tsohon soja ba. Tun zamanin Turawa Dakarkari suka yi suna a aikin kaki. Kakanni sun je Burma a yaƙin duniya na biyu, 'ya'yansu suka yi yaƙin basasa, jikoki kuma yau suna daji a Borno. A wani ƙauye da ke gindin duwatsu akwai irin wannan gida, kuma Baba Saje ake kiran mai shi, har yara ba su san sunansa na yanka ba.

Ya shiga soja a 1967 yana tsakiyar golmo, wato noman da saurayi ke shafe shekaru yana yi wa surukai kafin a ba shi mata. Ya ajiye fartanya ya nufi dafo a Zariya, 'yan uwansa suka ƙarasa masa aikin. Lokacin ana neman mutane ido rufe, domin rundunar sojan Najeriya da ba ta wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙin basasa sai da ta kai kusan 250,000. Har tsofaffin 'yan Burma aka sake kira. Kurtu kan yi 'yan makonni yana koyon fareti da harbi, sai a loda shi a mota.

Rabo ya kai shi runduna ta biyu, ta Kanar Murtala Muhammed. Da shi aka yi yunƙurin ƙetare Kogin Neja daga Asaba zuwa Onitsha a Oktoban 1967, inda ruwa da harsashi suka cinye samari masu yawa. A Maris ɗin 1968 kuma sojojin Biyafara suka yi wa ayarin motocin rundunar kwanton ɓauna a Abagana, tankar mai ta kama da wuta, ta lashe ayarin. Wannan yakan ba da labarinsa idan an matsa masa. Amma kisan da sojojin tarayya suka yi wa farar hula a Asaba, da yaran da yunwa ta kumbura wa ciki a gabas, da an taɓo su sai ya ɗauki sandarsa ya ce zai duba awaki.

Rabin labarin gidan nan yana wurin uwargida, ko da yake ba mai tambayarta. An kai ta ɗakinta ango yana bakin daga. Ta zauna da uwar miji, tana noman dawa, tana kasa kunne ga rediyon makwabta, wasiƙa kuwa sai an nemi ɗan makaranta ya karanta mata. Da aka tsagaita wuta a Janairun 1970 ta ɗaure kayanta ta bi shi bariki: ɗaki ɗaya, girki a baranda, famfo ɗaya ga layi guda, rigimar mata kuma sai gaban magajiya. Duk canjin wurin aiki sabon ƙulli ne, shi ya sa kowane ɗa da garin da aka haife shi. Albashin kofur ba ya kai ƙarshen wata, sai ta kafa teburin kunu da ƙosai a kasuwar mami, kuma da wannan ciniki aka biya kuɗin makarantar manyan yaran. Daren da ya zabura cikin barci yana kiran sunayen abokansa da suka mutu, ita ke riƙe shi har ya dawo hayyacinsa. Babu likitan da ya taɓa duba wannan ciwo, kuma babu takardar gwamnati da ta rubuta wahalar matar.

Ya yi ritaya da igiya uku, ya koma gona. Takardar sallama da lambobin girma suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, a naɗe cikin leda saboda gara. Idonsa ya yi rauni, amma lambarsa ta soja tana bakinsa, ba ya tuntuɓe.

Yanzu fansho ne ke riƙe da gidan, da jikoki da matar ɗansa da ya rasu. Idan kuɗin ya makara, mai shago da mai chemis duk sai sun ji a jikinsu. Ba banza ba tsofaffin sojoji suka sha tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. Ga kuma 'yan bindiga da suka hana noma a gonakin nesa, abin da ke ci wa tsohon rai fiye da komai, shi da ya yi yaƙi don ƙasa ta zauna lafiya.

Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, yakan goge takalmi, ya sa hular 'yan mazan jiya, jika ya goya shi a babur zuwa Zuru wajen fareti. Layinsu sai raguwa yake yi. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967 yau ya haura 75. Masu binciken tarihi a jami'o'inmu su hanzarta zuwa waɗannan ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana, kuma idan sun gama da maigida su nemi izini su shiga wurin uwargida.