Matsefi, Majajjawa da Ƙwayar Zarra

Kowa ya san a hunturun Abuja, wajen Disamba da Janairu, in mutum ya tuɓe rigar leda cikin duhu yakan ji ƙyas-ƙyas, har ya ga ɗan tartsatsi. In kuwa ya goga matsefin roba a gashin kansa ya kusanta shi da gutsattsarin takarda, sai su yi tsalle su manne. Wannan ja shi ne na lantarkin da ke kwance jikin abu, ba ya gudu cikin waya. Shawarata ga mai zuwa gwajin koyarwa, kada ya nuna wa yara wannan da damina, domin laima tana kwashe cajin, takarda ta ƙi motsi, aji kuwa ya ɗauka malam tatsuniya yake yi.

Caji iri biyu ne, mai alamar ƙari da mai alamar ragi. Iri ɗaya suna korar juna, iri dabam suna jan juna. A 1785 wani Bafaranshe, Coulomb, ya auna ƙarfin jan, ya tarar in an ninka tazara sau biyu, ƙarfin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu.

To, ga inda maganar ta yi daɗi. In abu biyu suna jan juna, me zai hana su haɗu? Ku tuna da yaro mai korar tsuntsaye da majajjawa a gonar dawa. Igiya tana jan dutse wajen hannunsa kullum, amma dutsen bai taɓa isowa hannun ba, saboda yana gudu ta gefe. Abin da jan ke yi kawai shi ne lanƙwasa masa hanya ta zama da'ira. Da ya saki, sai dutse ya miƙe ɗoɗar. A 1911 Rutherford ya nuna a Mancesta ta Ingila cewa ƙwayar zarra tana da 'yar cibiya mai cajin ƙari. Sai masana suka kwatanta ilektiron, mai cajin ragi, da dutsen nan, jan lantarki kuma ya zama igiyar. A zarrar haidirojin lissafi ya ba shi gudun wajen kilomita 2,200 a daƙiƙa guda. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, kilomita 186 ne, watau zai ratsa shi kusan sau 12 kafin agogo ya buga ɗaya. Da za a matsar da shi nesa da cibiya sau huɗu, rabin wannan gudun ya ishe shi, tun da jan ya yi sanyi.

Sai dai kwatancin yana da ɓaraka, kuma a ganina bai kamata malami ya ɓoye ta ba. Bisa ƙa'idodin nan na dā, duk cajin da ke kewaye dole ya riƙa zubar da ƙarfinsa ta hanyar haske. Ashe ke nan ilektiron zai yi ta matsowa har ya faɗa cibiya cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa, alli da allo da mu kanmu duk mu rushe. Ga mu kuwa zaune lafiya. Wannan ne ya sa a 1913 Bohr, mutumin Danmak, ya ce ilektiron yana da matakai ƙayyadaddu, akwai kuma na ƙasa wanda ba ya iya gangarawa bayansa.