Fim mai barin gurbi: yadda mai kallo ke cike abin da ba a nuna ba

Idan dattijo a unguwar Zongo ta Yamai ya ce wa yaro "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta," ya yi shiru, yaron ba ya jiran ƙarshen karin maganar, shi ke ƙarasa ta a zuciyarsa. Masana harshe sun daɗe suna nazarin wannan hali: mai magana yakan faɗi kaɗan, mai sauraro ya gina sauran bisa abin da suka sani tare. Paul Grice ya yi bayaninsa a 1975. Akwai wani nau'in fim da ke aiki da wannan ƙa'ida, wanda ake kira fim na gwaji, kuma Nijar tana da hannu a tarihinsa.

Fim na yau da kullum yana nuna fuska, ya jiyar da murya, ya ƙara kiɗa don a san lokacin kuka. Fim na gwaji kuwa da gangan yake janye ɗaya daga cikin waɗannan. A 1962 Chris Marker na Faransa ya fitar da La Jetée, labarin duniya bayan yaƙi, wanda kusan dukkansa hotuna ne tsayayyu da muryar mai ba da labari. Motsin da ke tsakanin hoto da hoto a kan mai kallo yake faruwa. A 1993 Derek Jarman na Ingila, lokacin da ciwo ke cin idanunsa, ya yi Blue: allo shuɗi daga farko har ƙarshe, sai muryoyi da sauti.

A nan gida, ƙarancin kayan aiki ya buɗe irin wannan ƙofa. Jean Rouch ya ɗauki Jaguar a tsakiyar shekarun 1950, yana bin Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel a tafiyarsu ta cin rani zuwa ƙasar da ake kira Gana yanzu. Kyamararsa ba ta ɗaukar murya, saboda haka daga baya Damouré da Lam suka zauna gaban hotunan suna hira da barkwanci, aka ɗora hirar a kai. Baki yana motsi a allo, muryar da ake ji ta wani lokaci ce dabam, mai kallo ne ke ɗinke su. Haka aka yi a Moi, un noir na 1958, inda Oumarou Ganda ya ba da labarin rayuwarsa a Abijan.

Moustapha Alassane, wanda aka haifa a N'Dounga a 1942, ya fara ne da wasan inuwa da fitila tun kafin ya riƙe kyamara. A Bon Voyage Sim na 1966, zanen ƴan layuka ne kawai: kwaɗo shugaban ƙasa yana ziyarar aiki, ana yi masa fareti. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma ƴan kallon lokacin sun gane inda aka dosa. Wannan shi ne habaici, kuma dabararsa ɗaya ce da ta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi.

Sai dai gurbi yana da sharaɗi. Kamar yadda rabin karin magana ba ya amfanar baƙon da bai san harshen ba, fim mai sakaya zance yana buƙatar mai kallo ya zo da guzurinsa. Idan sanin da ke tsakanin mai fim da ƴan kallo ya yanke, abin da aka yi don ya zama gayyata sai ya koma duhu. Matashin da ya saba da fassarar fina-finan Indiya a waya, inda ake bayyana masa komai, yana iya kallon Sim ya ga kwaɗi kawai.

Nan ne aikin ɗalibin harshe yake. Za a iya nuna Bon Voyage Sim ga dattawan Zongo da kuma matasanta, a naɗi bayanin kowane rukuni da Hausa ko Zabarmanci, a kwatanta abin da kowa ya ƙara daga kansa. Fim ɗin bai fi ƴan mintoci ba, kuma waɗanda suka yi zamaninsa suna raguwa.