Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa a shekarar 1990, wadda Kamaru ta doke Ajantina da ci 1 da nema a gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a birnin Milan, har murna ta game ƙasa tun daga Yawunde zuwa Garwa da Kaélé, a cikinta ne aka fitar da wasan bidiyo mai suna Nintendo World Cup? Kamfanin Technōs na Japan ne ya ƙirƙiro shi, asalinsa gasa ce tsakanin makarantun sakandare, daga bisani aka mayar da su ƙasashe 13 domin kasuwar Amurka da Turai.

'Yan wasansa gajeru ne masu manyan kawuna, shida a kowane ɓangare, kuma da yake ba a hukunta laifi a cikinsa, halal ne mutum ya bangaje abokin hamayyarsa har ya sume, ko ya yi bugun da zai tafi da gola, wanda hakan ne ya sa yara suka ƙaunace shi ainun. Abin ta'ajibi, masu tsara shi sun sanya Kamaru cikin raunana, alhali kuwa ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta kai zagayen kwata fainal a gasar duniya.