Sikeli a Ɗaka: Gargaɗi ga Mai Shirin Tiyatar Rage Ƙiba da Wanda Aka Riga Aka Yi Wa

Mutumin Janbako ya san sikeli tun ba yau ba. Ya san wanda ake ɗora wa buhun shinkafar Bakolori, ya san na ranar awon ciki, ya san wanda ake auna yara masu tamowa da shi a Babban Asibitin Talata Mafara. Akwai kuma na yaron nan da ke ajiye nasa a bakin tasha ranar kasuwa. Ka miƙa masa 'yan canji, ka tuɓe takalmi, ka hau, allura ta yi rawa ta tsaya, abokai su leƙo. "Kai, Alhaji, kilo biyar ka ƙara! Lallai amarya ta iya tuwo." A yi dariya, kowa ya kama gabansa.

A wurinmu ƙiba alamar jin daɗi ce, teɓa kuwa shaidar an samu. Har yau akwai 'yan matan da ke sayen ƙwayar da ake kira "sha ka fashe" a kemis idan biki ya matso. Sai dai jiki bai san wannan lissafi ba. Kitse idan ya yi yawa yana jawo hawan jini, ciwon suga, ciwon gwiwa, da minsharin nan da numfashi ke ɗaukewa a tsakiyar barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa. Shi ya sa yanzu wasu masu hali ke zuwa Abuja, Legas, Masar, Indiya ko Turkiyya a yi musu tiyatar rage ƙiba. Suna dawowa da ƙaramin tumbi, da sabon sikeli a cikin akwati, da tambaya guda: in riƙa hawansa ne, ko in bar shi?

Wace tiyata ake nufi?

Mu fara raba abu biyu da ake haɗawa. Akwai zuƙe kitse daga ƙarƙashin fata, wanda aikin kwalliya ne, ba ya maganin suga ko hawan jini. Bayan irin wannan aikin ne Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa na lokacin, ta rasu a ƙasar Sifaniya a watan Oktoba na 2005. Idan hakan ta faru da wadda kuɗi da gata ba su gaza mata ba, kada kowa ya ɗauki wuƙar likita da wasa.

Tiyatar rage ƙiba ta ainihi a kan tumbi ake yin ta. A wata, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a bar siriri kamar ayaba. A wata kuma, ana barin ɗan ƙaramin aljihu a haɗa shi da hanji kai tsaye, abinci ya tsallake sauran. Wannan ta biyun wani likita mai suna Edward Mason ne ya fara ta a Jami'ar Iowa ta Amurka a 1966.

Ba kowane mai teɓa ake yi wa ba. Likitoci suna amfani da lissafin BMI: a ninka tsayin mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa da abin da aka samu. Mai tsayin mita 1.70 da nauyin kilo 110, lissafinsa ya kama 38. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai, daga 30 an shiga ƙiba mai cutarwa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin wannan tiyata suka sabunta a 2022 ta ce ana iya yi wa wanda ya kai 35, ko wanda ya kai 30 idan yana da ciwon suga da makamantansa. Irin wancan mai kilo 110, idan komai ya tafi daidai, yakan sauko wajen kilo 80 cikin shekara ɗaya zuwa biyu. A lura: shekara aka ce, ba mako ba.

Kafin a shiga tiyata

A nan sikelin gida yana da amfani. Galibi likita yakan ɗora mutum a kan abinci na musamman na kamar mako biyu don hanta ta rage girma, a samu hanyar isa ga tumbi. Awo sau ɗaya a mako zai nuna ko ana bin tsarin. Amma kada wani ya kashe kansa da yunwa, ko ya ɗirki shayin rage ƙiba da ake tallarsa a Facebook da WhatsApp, don ya burge likita. Da yawa daga irin wannan shayi zawo da fitsari kawai yake sawa. Allurar sikeli za ta sauka, amma ruwan jiki ne ya tafi, kitsen yana nan daram.

Bayan an dawo gida

Nan ne sikeli ya fi rikita mutane. Wanda aka sallama jiya yakan hau ya ga ya fi yadda ya shiga asibiti nauyi, hankalinsa ya tashi. Ƙarin ruwan da aka yi masa ne da kumburin aiki, kuma za su tafi cikin kwanaki. Sai nauyi ya fara zuba da sauri, murna ta cika gida. Wajen mako na uku kuma sai allura ta kafe wuri ɗaya, kwana bakwai, kwana goma, ko fiye. Likitocin wannan fanni sun san wannan tsayawar, jiki ne ke daidaita ruwansa. Wanda bai sani ba sai ya ce kuɗinsa sun tafi a banza, ya daina cin ɗan abin da aka ce ya ci, ko ya yi fushi ya koma wa lemon kwalba da shayi mai sukari.

Ko lafiyayyen mutum nauyinsa yana hawa yana sauka da kilo ɗaya zuwa biyu a yini guda. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Kwanon fura, miya mai gishiri da magi, rashin zuwa bahaya, kusantowar al'ada ga mata, duk suna motsa allura. A zafin watan Afrilu na ƙasar Mafara, gumin wuni ɗaya a gona ya isa ya rage maka kilo. Wanda ke hawa sikeli sau uku a rana, ruwa da tuwon da ke cikinsa yake aunawa.

Amma jefar da sikelin ma kuskure ne, musamman ga mutanen yankinmu. Likitan da ya yi aikin yana Alƙahira ko Abuja. Zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiya ce mai cin kuɗi, ga halin da hanyoyinmu suke ciki. Bayan shekara biyu zuwa uku wasu sukan fara mayar da nauyi a hankali, kilo ɗaya yau, ɗaya bayan wata biyu. Babbar riga da zani ba sa tona asiri da wuri. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Wanda ke da rubutaccen awo shi ke gane abin tun yana kilo uku, kafin ya zama ashirin.

Yadda ake awon da ke da amfani

Ka zaɓi rana ɗaya a mako, misali Juma'a, sai dai idan likitanka ya ce wani abu daban. Ka hau da safe, bayan ka zaga, kafin karin kumallo, da kaya marasa nauyi. Ka ajiye sikelin a kan siminti ko daɓe mai tauri, wuri ɗaya kullum, domin a kan tabarma, darduma ko yashi ƙarya yake yi. Kada ka gwada lambar naka da ta na tasha ko na asibiti, kowane da irin saitinsa. Ka rubuta a littafi da kwanan wata, ka duba tafiyar wata guda gaba ɗaya, ka tafi da littafin duk ranar ganin likita. Idan ka ga lambar tana hana ka barci ko tana sa ka ƙin abinci, ka ba wani na gida sikelin ya ɓoye, a riƙa auna ka a asibiti kawai.

Ku kuma 'yan uwa, ku sassauta. "Yaya, yau kilo nawa?" kullum safiya ba gaisuwa ba ce. Ku tambayi wanda aka yi wa aikin ko ya sha ruwa, ko ya sha maganinsa.

Abin da sikeli ba ya gani

Lamba tana iya yin kyau alhali mutum yana cikin haɗari. A makonnin farko, idan zuciya na bugawa da sauri, sama da 120 a minti, ko ga zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, numfashi sama-sama, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Ɗinkin ciki na iya yoyo, jini na iya daskarewa a jijiya. Amai da ya ƙi tsayawa kwana da kwanaki yana iya taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Fitsari ja kuma kaɗan alamar ƙarancin ruwa ce, ana son a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan har a kai lita ɗaya da rabi ko fiye a yini.

Wanda aka yi wa wannan aiki zai riƙa shan bitamin da magungunan ƙarin jini da ƙarfin ƙashi har ƙarshen rayuwarsa, tare da gwajin jini lokaci-lokaci. Ya guji sayen ibuprofen da diclofenac a kemis, suna jawo gyambon ciki. Mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Batun azumin Ramadan a shekarar farko kuwa, a tambayi likita tukuna, addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Ga wanda ba shi da sikeli

Yawancinmu ba za mu taɓa yin wannan tiyata ba, kuma ba sai mun sayi sikeli ba. Ka samo igiya, ka yanka ta daidai tsayinka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita wajen cibiya. Idan bakunan suka haɗu, madalla. Idan suka ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa: a rage sukari da soye-soye, a ƙara tafiyar ƙafa, a je a gwada jini da suga. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya nema ba, wando na zamewa, kada ya yi murna. Tarin fuka, ciwon suga da daji duk suna iya fara sallama da rama. Haka wanda ya ƙara kilo biyu cikin kwana uku ƙafafu na kumbura, a duba zuciya da ƙoda.

Magabata sun yi gargaɗi kada garin neman ƙiba a samo rama. Mai neman rama ma ya kiyaye, kada garin bin allurar sikeli ya samo jinya. Ranar Juma'a ka hau, ka rubuta, ka tura shi ƙarƙashin gado sai wata Juma'ar.