Shawara Ta Waya Ga Mai Ciwon Firgita

Tun 2009, da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri, mutane da dama ke fama da firgita, watau ciwon da kan maido wa mutum abin da ya gani, ko a farke ko cikin barci. Garin na da asibitin ƙwaƙwalwa, amma wasu na gudun a gan su a ƙofarsa, kada a kira su mahaukata. Nan shawara ta intanet ta yi rana: mai damuwa yana ɗakinsa zai fayyace wa masani cikinsa, ba idon maƙwabci. Sai dai matar da ta rasa miji da gida, sau da yawa wayar aro ce a hannunta, mai wayar kuwa na tsaye yana jira.