KOYON FARANSANCI A MAKARANTA

Iyaye da yawa suna tambaya, me ya sa ake ɗora wa yara Faransanci bayan Turanci? Dalili a bayyane yake. Nijar, da Chadi, da Kamaru, da Benin sun kewaye mu, ko wace kuwa ana aiki da Faransanci a cikinta. Saboda haka ne Gwamnatin Tarayya ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry cikin 1991.

Hanyar dā ita ce malami ya rubuta ƙa'idojin nahawu a allo, yara su haddace, su yi ta fassara. Yaro ya kan ci jarrabawa, amma in ya tsallaka Maraɗi sai ya kasa tayin buhun gero. Hanyar da ta fi ita ce a fara da kunne da baki. Malami ya ɗaga littafi ya faɗi sunansa, yara su maimaita, a yi gaisuwa, a yi ciniki na wasa, sa'an nan rubutu ya biyo baya.

Bahaushe yana da wata sa'a a nan. Faransanci yana raba sunaye namiji da mace kamar Hausa, abin da Turanci ba ya yi. Amma a lura, jinsin ba ya dacewa kullum. Rana mace ce a Hausa, a Faransanci namiji, watau le soleil. Wata kuwa namiji ne gare mu, su kuma la lune suke cewa. Don haka lalle yaro ya haddace ko wane suna tare da le ko la ɗinsa tun ranar farko.