Ko Kun Sani?

Duk wanda ya murɗa rediyonsa ya kamo tashar FM tangaran, babu shuu, yana cin gajiyar aikin Edwin Armstrong, injiniyan Amurka da ya yi rajistar wannan fasaha a 1933. Abin takaici, shari'o'in da ya yi da manyan kamfanoni sun cinye masa dukiya da lafiya, har ya rasu a 1954, kuma kaɗan ne ke tunawa da shi.

Takwarorinsa sun fi shi suna. Neil Armstrong ne mutumin farko da ya taka duniyar wata a 1969. Louis Armstrong, gwanin busa ƙaho na kiɗan jazz, ya yi wasa a Accra a 1956. Lance Armstrong kuwa, ɗan tseren keke, an ƙwace masa kambun Tour de France guda 7 saboda shan ƙwayoyin ƙara kuzari.